Cinikin Man Shanu a Duniya da Abin da Ya Shafi Ɗan Kasuwa

A Kasuwar Artisan ta Inugu, inda Hausawa suke sayar da awaki da raguna da kayan gwari, haka kuma a unguwannin Hausawa na Anaca da Fatakwal, da wuya a rasa teburin mai shayi. Madarar gari da ake damawa a waɗannan tebura, galibinta daga ƙasashen waje ake kawo ta, kuma cinikin man shanu na duniya yana da hannu a farashinta da irin abin da ke cikinta.

Kafin a sami kilo ɗaya na man shanu sai an kaɗa nono kimanin lita 20. Man da Turawa ke shafawa a burodi, kashi 80 cikin 100 nasa mai ne, sauran ruwa. Akwai kuma wanda ake narkarwa a tace shi har ruwan ya fita kusan sarai, kamar yadda matan Arewa ke soya man shanu don kada ya lalace. Wannan shi ne masana'antu ke saye cikin durom.

Indiya ta fi kowace ƙasa yin man shanu, amma mutanenta ke cinye kusan dukkansa. Niyu Zilan ce kan gaba wajen fitarwa, sai ƙasashen Tarayyar Turai. Tun 2008 ake yin gwanjon kayan madara da ake kira Global Dairy Trade, sau biyu a wata, kuma farashin da ya fito a can shi 'yan kasuwar duniya ke dubawa.

A shekarun 1970 da 1980 man shanu ya yi wa Turai yawa har ya taru a rumbuna. Saboda haka a 1984 aka ƙayyade wa manoma yawan nonon da za su tatsa, ba a ɗage dokar ba sai 2015. A 2017 kuwa mai ya yi tsada ƙwarai. Abin da ya kamata jama'a su fahimta ke nan: idan mai ya yi daraja, kamfani yakan tsame shi daga nono ya sayar daban, ya zuba tataccen manja a madadinsa, ya busar, ya aiko Afirka ta Yamma. Wannan gari ya fi araha, shi ya sa ya cika kasuwa. Ba haramtaccen abinci ba ne, amma ba cikakkiyar madara ba ce, kuma ba a shayar da jarirai da shi. Haka nan Blue Band daga man tsirrai ake yin sa, ba daga nonon saniya ba.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu an yi masana'antar man shanu a Vom, kusa da Jos, da nonon da ake saye a hannun Fulani. Abin da ke hana man ruga shiga babban ciniki a yau shi ne rashin sanyaya nono, da ƙarancin tsabta wajen kaɗawa, da algus. Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024, kuma gyaran harkar nono yana cikin ayyukanta.

Ana jan hankalin masu shayi da su riƙa karanta jikin buhu ko gwangwani, su duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu kawo man shanu daga Arewa kuma su soya shi sosai, su zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, su nisanta shi da rana, domin damshin Kudu yana saurin sa shi ya yi gafi.