Shin Ko Kun San? Walimar Da Sin Ta Yi Wa Duniya a 2008

Shin ko kun san cewa ƙuri'a biyu tal suka hana birnin Beijin karɓar baƙuncin gasar Olamfik tun a shekarar 2000? A watan Satumba na 1993 aka kaɗa ƙuri'ar a Monte Carlo: birnin Sidni na Ostireliya 45, Beijin 43. Shekara huɗu ke nan kacal da zubar da jinin dandalin Tiananmen, kuma majalisar wakilan Amurka ta fito ƙarara ta ce kada a ba Sin. Sinawa suka haɗiye takaicinsu, ba su ma nemi ta 2004 ba, suka koma gida suka ci gaba da ƙera kaya. Da suka dawo ranar 13 ga Yuli 2001 a Mosko, zagaye biyu kawai aka yi aka tashi: Beijin 56, Toronto 22, Paris 18, Istanbul 9. Bayan wata biyar Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Duk wanda ya ce abubuwan nan biyu ba su da alaƙa, bai san kasuwa ba.

Ko kun san cewa a gasar Los Angeles ta 1932 ɗan wasa ɗaya tilo ya wakilci ƙasar Sin baki ɗaya? Sunansa Liu Changchun, ɗan tsere. Ya shafe makonni a jirgin ruwa, ya isa a gajiye, aka fitar da shi tun zagayen farko. Sai a 1984 wani maharbi, Xu Haifeng, ya ciyo wa Sin zinaren farko. A Seoul a 1988 biyar suka samu. Shekara ashirin bayan haka, a gidansu, suka kwashe zinare 51, Amurka na biye da 36. Daga baya an ƙwace uku daga hannun mata masu ɗaga nauyi saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, lissafi ya koma 48, amma ba wanda ya kamo su duk da haka. Ba sa'a ba ce. Gwamnati ce ta zauna ta ƙirga inda lambobi suke da yawa, ta tura yara makarantun wasanni tun suna ƙanana. A tsunduma cikin ruwa zinare takwas aka ajiye, suka ɗauki bakwai. A ƙwallon tebur kuwa ba a bar wa baƙo zinare ko ɗaya ba, kuma a wasan ɗaiɗaiku na maza da na mata, tutar Sin uku aka ɗaga a jere.

An buɗe gasar ranar 8 ga watan 8 na 2008, da ƙarfe 8 na dare. Sinawa na danganta lamba takwas da arziki, shi ya sa dubban masoya suka yi layi aka ɗaura musu aure a wannan rana.

To amma Agusta damina ce a Beijin, filin wasan kuma tsakiyarsa a buɗe take. Shin ko kun san abin da suka yi? Sun harbi hadari. Hukumar kula da yanayi ta birnin ta ce rokoki 1,104 aka cilla sama daga wurare 21, ɗauke da wani sinadari da ke sa gajimare ya zubar da ruwansa da wuri, don ya juye a bayan gari kafin ya iso filin. Masana har yau suna gardama kan ko dabarar na aiki, mu kuma mun san Mai saukar da ruwa. Abin da ya tabbata dai, an yi biki an tashi ba wanda ya jiƙe.

Hayaƙi ma haka aka yi masa. Daga 20 ga Yuli, motar da lambarta ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 ta fita yau, sauran su jira gobe. Aka dakatar da gine-gine, aka rufe masana'antu har a lardunan da ke maƙwabtaka, tun kafin nan ma aka fara kwashe katafaren kamfanin ƙarfe na Shougang daga yammacin birnin zuwa gaɓar teku a lardin Hebei. Duk da haka gwarzon Habasha Haile Gebrselassie, mai fama da asma, ya ƙi yin gudun famfalaƙi a wannan iska, ya tsaya a na mita 10,000. Ranar tseren Samuel Wanjiru ya ciyo wa Kenya zinarenta na farko a famfalaƙin Olamfik, cikin awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 32.

Mutanen gari ma an gyara musu zama. An ware ranar 11 ga kowane wata don koyon bin layi, aka shiga yaƙi da tofar da yawu a titi, direbobin tasi suka koma haddar gaisuwar Turanci, aka cire naman kare daga gidajen abincin da aka tanadar wa baƙi. Kamar dai maigidan da ya gina sabon gida ya gayyaci waɗanda suka daɗe suna raina shi: har yara sai an koya musu yadda za su gaishe da baƙi. Dawaki kuwa ba su zo Beijin ba. A Hong Kong aka yi sukuwa, saboda dokokin killace dabbobi da tsoron cututtuka.

Filin da ake kira Sheƙar Tsuntsu, magina ’yan Siwizalan, Herzog da de Meuron, suka zana shi, yana ɗaukar mutum 91,000 a lokacin gasar. Fitaccen mai shirya fim Zhang Yimou ya tsara bikin buɗewa. Makaɗa 2,008 suka jeru cikin duhu, kowa da gangarsa mai kusurwa huɗu wadda ke kawo haske in an doke ta, hannaye na tashi su sauka lokaci guda kamar na mutum ɗaya, suna ƙirga daƙiƙoƙi da hasken gangunan. A ƙarshe aka ɗaga tsohon ɗan wasa Li Ning da igiyoyin waya, yana da shekara 45, ya zagaye bakin rufin filin yana gudu a iska da wuta a hannu. Shugabannin ƙasashe fiye da 80 na kallo, har da George W. Bush, shugaban Amurka na farko da ya je Olamfik a wata ƙasa yana kan mulki.

Sai dai ko kun san yarinyar nan mai jar riga da ta burge duniya da waƙa baki kawai take motsawa? Lin Miaoke ’yar shekara 9 aka nuna, muryar kuma ta Yang Peiyi ce, ’yar shekara 7, wadda manya suka ga fuskarta ba ta dace da allo ba. Daraktan kiɗan bikin ne da kansa ya faɗi haka a rediyo, yana cewa maslahar ƙasa aka duba. Sawun ƙafa 29 na wasan wuta da aka ga suna takowa ta saman birni ma, akasarin abin da talabijin ta nuna da kwamfuta aka haɗa shi. A ganina wannan ƙaramin abu ya fi tsadar filin faɗin halin mai gidan: ƙasar da ta iya motsa masana'anta sukutum ta kasa yarda da fuskar ’yar shekara bakwai.

Wutar Olamfik ta yi tafiyar kilomita 137,000 cikin kwana 129, har ƙololuwar dutsen Everest ta hau ranar 8 ga Mayu. A Afirka birni ɗaya ta sauka, Dar es Salaam. A Landan da Paris da San Francisco masu zanga-zangar Tibet suka yi ta kokawar kashe ta. Tun daga nan kwamitin Olamfik ya hana yawo da wuta ƙasa-ƙasa. Rikicin Darfur ma ya shigo ciki: a Fabrairu 2008 Steven Spielberg ya ajiye aikin ba da shawara kan bikin, yana cewa Sin, babbar mai sayen man Sudan, ba ta matsa wa Khartoum lamba yadda ya kamata. ’Yan wasan Amurka suka zaɓi Lopez Lomong, wanda ya tsere wa yaƙin kudancin Sudan yana yaro, ya riƙe musu tuta. A gasar nan kuma Sudan ta samu lambarta ta farko a tarihi, azurfar Ismail Ahmed Ismail a mita 800.

An keɓe wuraren shaƙatawa uku a Beijin ga duk mai son zanga-zanga. Takardun neman izini 77 aka shigar. Ba a amince da ko ɗaya ba.

Akwai abubuwan da umarni bai kai gare su ba. Ranar 12 ga Mayu girgizar ƙasa ta kashe kusan mutum 70,000 a lardin Sichuan, shi ya sa yaro ɗan shekara 9 da ya tsira, Lin Hao, ya shigo fili gefen dogon ɗan ƙwallon kwandon nan na Sin, Yao Ming. A ranar buɗewa, Putin na zaune a filin, dakarun Rasha da na Jojiya suna barin wuta. Bayan kwana biyu maharba mata biyu, ’yar Rasha mai azurfa da ’yar Jojiya mai tagulla, suka rungumi juna a dandamalin karɓar lamba. Ranar 18 ga Agusta kuma ɗan lelen Sinawa, Liu Xiang, zakaran tsallake shinge na 2004, ya fito yana ɗingishi da ciwon agara, ya ɓalle lambar da ke cinyarsa ya fice. Fili ya yi tsit, kocinsa ya fashe da kuka gaban ’yan jarida. Mafi muni shi ne madarar jarirai ta kamfanin Sanlu da aka gurɓata da sinadarin melamin. Abokin hulɗarsa na New Zealand, Fonterra, ya ce tun 2 ga Agusta ya samu labari, amma sai a Satumba, bayan baƙi sun watse, jama'a suka ji. Jarirai kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu a ƙidayar hukuma.

Ko kun san ninƙayar ƙarshe da safe aka riƙa yin ta a Beijin? Don ta dace da daren Amurka, inda tashar NBC ta biya kusan dala miliyan 900. Nan Michael Phelps ya haɗa zinare takwas. Usain Bolt na Jamaika ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.69, yana bugun ƙirji tun kafin ya kai layi, igiyar takalminsa ɗaya a kwance. ’Yar Kamaru Françoise Mbango ta sake cin zinare a tsallen taku uku da mita 15.39.

Masu kallon ƙwallo a Najeriya da Nijar kuwa, da ƙarfe biyar na asuba suka tashi ranar 23 ga Agusta don wasan ƙarshe tsakanin Najeriya da Ajantina. A Beijin tsakar rana ce, zafi ya kai maki 42 a cikin fili, har alƙalin wasa ya tsayar da wasa sau biyu a sha ruwa. Yaran koci Samson Siasia, cikinsu har da Sani Kaita, sun lallasa Beljiyam 4-1 kafin su zo nan. A minti na 58 Messi ya zura wa Ángel Di María ƙwallo, ya ɗaga ta ta saman mai tsaron gida Ambruse Vanzekin. Ajantina ta rama 3-2 ɗin da aka yi mata a Olamfik na Atlanta a 1996. Shi ne kaɗai wasan ƙwallon ƙafa da aka buga a Sheƙar Tsuntsu a gasar.

An kiyasta Sin ta kashe dala biliyan 40 ko fiye, yawanci kan hanyoyi da jiragen ƙarƙashin ƙasa da filin jirgin sama. Mako guda kafin buɗewa ta ƙaddamar da jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa tsakanin Beijin da Tianjin, kamar yadda Japan ta yi da Shinkansen kwana tara kafin gasar Tokiyo ta 1964. Yau irin wannan layin dogo ya haura kilomita 40,000 a Sin.

Aka rufe gasa ranar 24 ga Agusta. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, tattalin arzikin Turawa ya shiga rawa. A Nuwamba Sin ta zuba yuwan tiriliyan 4 don raya nata, a 2010 ta ture Japan ta zama ta biyu a duniya. A 2022 Beijin ya zama birni na farko da ya karɓi Olamfik na zafi da na hunturu, kuma a tsohuwar harabar Shougang, gefen manyan hasumiyoyin masana'antar, aka yi tsallen ƙanƙara.

Yanzu Indiya ce a layi. A 2024 ta miƙa takardar nuna sha'awar karɓar Olamfik na 2036, kuma birnin Ahmedabad ya riga ya doke Abuja wajen neman gasar ƙasashe renon Ingila ta 2030.