Ƙwaro Mai Garkuwa da Yadda Ake Gane Shi a Gona

Ana roƙon hakimai da magatakardansu su karanta wannan bayani, su kuma sanar da dagatai, domin rahoton da ya ce “ƙwari sun faɗa wa auduga” kurum ba ya amfanar malamin gona. Sai an san irin ƙwaron kafin a san maganinsa.

Akwai wani dangin ƙwari da masana ke kira Scutelleridae, sunan da wani Bature mutumin Ingila, Leach, ya raɗa musu a 1815. An kasa dangin gida-gida. Gidan da ya fi shafarmu shi ne Scutellerinae, don a cikinsa ne ake samun Calidea, wanda ke ɓarna a auduga da dawa, yana kuma zama a kan zurma da bini-da-zugu.

Babbar alamarsa tana bayansa. Wani ɓawo guda ne ya rufe bayan duka kamar garkuwa, fukafukan suna ɓoye a ƙarƙashi. Saboda haka ne mutane da yawa ke ɗaukarsa ɗan'uwan buzuzu, alhali kuwa ba su haɗa dangi ba. A duba da kyau: bayan buzuzu a tsage yake gida biyu daga sama har ƙasa, na wannan kuwa babu tsaga ko kaɗan. Sa'an nan a kife shi. Ba shi da haƙoran tauna, sai wani siririn baki kamar allura kwance tsakanin ƙafafunsa. In an matsa shi yakan yi wari irin na kuɗin cizo, kuma ba abin mamaki ba ne, don zuriyarsu ɗaya. Tsawonsa wajen rabin inci, bayansa shuɗi ko kore mai walƙiya, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. 'Ya'yansa ba su da cikakkiyar garkuwa, saboda haka a nemi manya.

Kada kyan launinsa ya ruɗi kowa. Da allurar nan yake huda ƙwallon auduga ɗanye ya tsotse guryar, ta hudar kuma cuta ke shiga ta ɓata launin kaɗa, daraja ta faɗi a kasuwa. A dawa kuwa yakan sauka kan zangarniya tun ƙwaya ba ta ƙosa ba, ya bar ta a motse.

Duk inda aka gan shi da yawa, a kama kamar goma, a sa a kwalba mai murfi, a rubuta sunan gari da rana da irin shukar da aka same shi a kai, a miƙa wa malamin gona na gunduma ba tare da jinkiri ba.