Yadda ake auna gudun iska da haske

Mutanen Agadas sun san iska. In hunturu ya shigo, sai ta taso da ƙura, har a kasa hangen hasumiyar babban masallaci. Amma iska ba ta kamuwa da hannu. To, ƙaƙa ake sanin gudunta tun tana nesa?

Mu fara da abin da kunne ya sani. Ka tsaya bakin hanyar Arlit, babbar mota ta taho da gudu. Tana zuwa, ƙararta siririya ce. Da ta wuce ka, sai ƙarar ta yi kauri. Motar ba ta sake ba, gudunta ne ya sake ƙarar a kunnenka. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, mai suna Doppler, shi ya bayyana wannan a shekarar 1842.

Haske ma haka yake. Yana tafe yana kaɗawa, kamar igiyar ruwa. In ya bugi abu mai tahowa ya dawo, kaɗawar sai ta ƙaru. In abin tafiya yake, sai ta ragu.

A shekarar 1960, a Amurka, aka ƙera wata fitila da ake kira leza. Haskenta siriri ne, launinsa guda, kaɗawarsa daidai take kullum. Ana harba shi sama, ya bugi ƴan ƙwayoyin ƙurar da iska ta ɗauko, kaɗan ya dawo.

Sai dai akwai wuya. Kaɗawar haske ta yi sauri ƙwarai, ba ta ƙirguwa kai tsaye. Ga dabarar da aka yi. Dubi mata biyu suna daka, kowace da turminta, ɗaya ta ɗan fi sauri. Wani lokaci taɓarensu su faɗi tare, can su saɓa, can kuma su sake haɗuwa. In suna haɗuwa akai-akai, bambancin saurinsu babba ne. In sai an jima, ƙarami ne.

Haka na'urar ke yi. Tana raba hasken gida biyu: ta harba ɗaya, ta riƙe ɗaya. In wanda aka harba ya dawo, sai ta gauraya su, ta ƙirga haɗuwarsu da saɓawarsu. Nan take ta faɗi gudun ƙurar, wanda shi ne gudun iskar.

Mene ne amfaninsa? Iskar da ke juyawa farat ɗaya tana iya kayar da jirgin sama wajen sauka ko tashi. A shekarar 2002 aka kafa irin wannan na'ura a filin jirgin Hong Kong, don a gargaɗi matuƙa tun da wuri. Ashe ƙurar da ke damunmu tana da ranarta.

Tambayoyi
1. Me ke sa ƙarar mota ta sake in ta wuce ka?
2. Me hasken leza ke bugu a sama?
3. Wa ake yi wa gargaɗi da wannan na'ura?