Sharar Kasuwa: Wadda ake Rububi da Wadda ba Mai So

Tun kafin a san motar kwasar shara, birnin Kano yana da yadda yake rabuwa da dattinsa. Da rani, manoman ƙauyukan da ke kewaye kan shigo da jakuna ɗauke da itace da kara, su sayar, in za su koma su cika mangala da sharar gidaje: toka, kashin awaki da na tumaki, ɓawo, ragowar tuwo, da ƙasar da aka share daga tsakar gida. A gona sai su zube ta tsibi-tsibi, a baza kafin ruwan shuka. Michael Mortimore, Baturen da ya daɗe yana nazarin gonakin kewayen Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa wannan taki na cikin dalilan da suka sa ake noma ƙasar shekara bayan shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. A wancan zamani juji dukiya ne, domin kusan duk abin da ke cikinsa ruɓewa yake yi.

Har yau ana kai shara gona, sai dai a tifa. Amma manomin da ya saye ta sai ya sa yara su bi suna tsince leda da fasassun kwalabe da matattun batura, wani lokacin har da allurar asibiti. Abin da ya tsere wa idonsu garma za ta binne shi, ya zauna a ƙasa shekara da shekaru yana tare ruwa da saiwa. Takin yana nan cikin sharar kamar da, gaurayar da aka yi masa ce ta karya darajarsa. A ganina nan ne bakin zaren maganar shara a kasuwanninmu. Kullum kukan da ake yi shi ne ta yi yawa, kuma hukumar kwasar shara ta REMASAB ba ta kwashe ba. Gaskiya ne, tana da yawa. Amma babbar hasarar tana faruwa ne tun a bakin shago, lokacin da yaron kanti ya share kwali da ledar fiya wata da ragowar shinkafa da miya, ya zuba su a buhu guda.

Kowace kasuwa da irin tata sharar. A Kantin Kwari, leda ce ta naɗin atamfa da shadda, da kwali, da igiyoyin ɗaurin dila. A Singa, katan-katan ne na taliya da madara da sabulu. Dawanau na fitar da ƙaiƙayi da tsofaffin buhuna. 'Yankaba kuwa, da Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatur, abin da suke zubarwa ruɓaɓɓen kayan gwari ne, mai nauyi, mai ruwa, mai saurin wari. Tela na da ƙyalle, makaniki na da baƙin mai da tsohuwar taya, mai abinci na da komai da komai. Idan aka dubi kowanne shi kaɗai, da wuya a rasa mai sonsa. Ƙyallen tela ana cusa shi a matashi. Taya tana zama guga da takalmi da igiyar ɗaurin kaya. Robar lemo tana komawa hannun mai zoɓo da kunun aya. Buhun shinkafa yana zama jakar cefane. Ba wanda ya shirya wa Bahaushe taron bita kafin ya iya wannan.

Wanda ya riƙe wannan harka a wuyansa shi ne ɗan bola jari, mai buhu a kafaɗa ko baro a gaba, da sandar ƙarfe mai lanƙwasa a hannu. Wani ma da guntun maganaɗisu a aljihu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, mai araha, abin da ya ƙi kamawa zai iya zama alminiyam ko tagulla ko jan ƙarfe, kuma nan kuɗin yake. Da yamma ya kai wa ɗan gwangwan, a ɗora a sikeli, a biya shi bisa kilo. Shi kuma ɗan gwangwan ya tara, ya ware, ya sayar wa dila. Baƙin ƙarfe ya cika tirela ya nufi kamfanonin da ke narka shi su yi rodi. Alminiyam ya tafi wurin maƙeran da ke zuba shi a zubin ƙasa su fitar da tukunya da ludayi. Fasasshen bokiti da karyayyar kujera su shiga injin niƙa, su fito gutsi-gutsi, a wanke, a shanya, a narka, su dawo Ƙofar Wambai a matsayin buta da baho da silifa.

Akwai dalili na kimiyya da ya sa kowane mataki a wannan sarƙa yake dagewa a kan warewa. Mu duk roba muke ce musu, amma ba jinsi ɗaya ba ne. Gorar ruwa da ta lemo, wadda ake buga wa lamba 1 a gindi, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250. Jarka da ledar fiya wata kuwa tun a digiri 110 zuwa 130 sun zama ruwa. In aka haɗa su a tukunya guda, kafin ɗaya ta narke ɗayar ta fara ƙonewa, abin da zai fito kuma gautsi gare shi, ba ya jure komai. Hatta murfin gorar ba jinsinsu ɗaya da gorar ba. Shi ya sa masu sarrafawa, bayan sun niƙa, sukan zuba garin a kwamin ruwa: na gorar ya nutse, na murfin ya taso sama, sai a kwalfe. Kwali kuma ƙarfinsa na cikin zaren da aka yi shi da shi. Da zarar ya sha miya ko manja, ya tashi daga aiki. Alminiyam shi ne ɗan gata, don ana iya narka shi sau ba adadi bai lalace ba, kuma wutar da ake buƙata wajen sake narka tsoho ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na wadda ake ci wajen tace sabo daga ma'adini ba. Da wuya ka ga gwangwanin lemo ya kwana a titi.

To, ashe abin da ke da farashi ya riga ya sami mai kwashewa, ba tare da gwamnati ta kashe ko sisi ba. Tsibin da ake gani a bakin kasuwa, mai hayaƙi da ƙudaje, saura ne: abin da ba mai saye, da abin da aka ɓata da gauraya. Sarkinsu ita ce baƙar leda, sai farin mazubin abinci na soso da ake ba mai tafiya da shi. Ledar ba ta da nauyi, sai an tara ɗaruruwa kafin sikeli ya motsa, ga datti, ga ruwa. Wanda zai yini yana tsinta ba zai sami kuɗin abincin rana ba, don haka ba ya tsinta. Sai iska ta ɗauka ta rataye a ƙaya, ko ta faɗa kwata. Ruwan farko na damina ya tattaro ta ya cusa a bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya shiga shaguna. Ɗan kasuwar da ya ga kamar ya huta da biyan kuɗin kwasa, sai ya biya da dilar atamfa. Ledar da ta isa bayan gari kuma dabbobi su haɗiye. Kowane mahauci ya san dunƙulen ledar da ake cirowa daga tumbin saniyar da ta rame alhali tana cin abinci.

Mafi yawanmu ashana muke ƙyasta wa matsalar. Wutar juji ba ta da zafin da zai cinye roba sarai, sai ta riƙa ci a hankali tana fitar da baƙin hayaƙi. Idan akwai bututun roba ko rigar wayar lantarki a ciki, irin robar da ke ɗauke da sinadarin kulorin, hayaƙin na fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ke taruwa a kitsen jikin mutum da na dabba, ta daɗe ba ta fita ba. Mai shagon da ke kusa da jujin shi ne na farko da zai shaƙa. Ban da haka, wuta a kasuwar da aka cunkusa da yadi da roba, ga iskar hunturu, ba sai an yi wa Bakano dogon bayani ba; gobarar Sabon Gari ta 2016 ba ta bar zukata ba, ko da yake ba juji ne aka ɗora wa laifinta ba.

Jiƙaƙƙiyar shara ita ce ta fi nauyi, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa duniya na fitar da shara tan biliyan 2 a shekara, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabinta ragowar abinci ne da ganye. Idan aka binne irin wannan a ƙarƙashin leda, inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita sai su fitar da iskar mitan, mai kama wuta, tare da baƙin ruwa mai ɗoyi da ke tsiyaya ya gangara rijiyoyi. Idan kuwa aka ware ta, aka jera ta hawa-hawa da busasshen abu kamar ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, aka yayyafa ruwa daidai yadda in ka matsa a hannu zai yi danshi ba ya ɗiga, aka riƙa juyawa duk mako, to wasu ƙwayoyin ne daban masu son iska za su karɓi aikin. Cikin tsibin zai yi zafi har wajen digiri 60, ya kashe ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku an sami baƙin taki mai ƙamshin ƙasa. A shekarun nan da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi, abin takaici ne a ce motar da ta kawo tumatur daga Kadawa tana komawa fanko, ga ruɓaɓɓen tumatur a jibge ana neman kuɗin kwashe shi.

Ita kuwa ledar da ba ta da farashi, wasu ƙasashe haramta ta suka yi. Ruwanda ta yi haka a 2008, Kenya a 2017, kuma duka biyun sun tsaurara. Nijar ta kafa tata dokar a 2014, amma duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san leda ba ta ji labari ba. Jihar Legas ta hana mazubin soso a farkon 2024. Darasin a fili yake: doka ba ta aiki sai da abin da zai maye gurbi, mai araha, wanda mai ƙosai za ta iya saye. Wata dabarar da ta fi burge ni ita ce a ɗora wa kamfanin da ya ƙera abu nauyin dawo da ɓawonsa. Hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da wannan tsari a rubuce. Mu ma mun san shi tun zamanin lemon kwalba, lokacin da ba ka tafiya da kwalba sai ka ajiye jingina. Da masu gidajen fiya wata na unguwa za su sa ko 'yar ragowa a kan kowane buhun ledar da aka dawo musu da shi, da yara sun share layin kafin la'asar.

Sai dai ba za a rufe ido a kan ɗan bola jari ba. Akwai ɓata-gari a cikinsu, masu cire murfin kwalbati da wayar wuta da ƙofar gidan da ba kowa. Abin da ya sa hukumomin Abuja suka sake hana su yawo a cikin birni a watan Janairun 2025, har suka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci ke nan. Amma korar su gaba ɗaya daidai take da rushe hukumar tsafta mafi girma a gari, wadda ba a biyan ta albashi. Ƙungiyar 'yan kasuwa na iya yin abin da ya fi haka: ta yi wa wasu rajista da shaidar mai unguwarsu, ta ba su riga da kati, kowane layi da nasa mutum, ya zo a lokacin da aka sani. Su ma suna da haƙƙi a kanmu. Da yawansu yara ne, hannu ba safa, ƙafa ba takalmin kirki. Masu fasa batirin mota su zubar da ruwansa a ƙasa su narka dalmar da ke ciki kuwa, wasa suke da guba iri ɗaya da wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Abin da ake buƙata daga mai shago bai taka kara ya karya ba: buhu ɗaya na busasshe, bokiti ɗaya mai murfi na jiƙaƙƙe, kwali a ninke a ɗaure a ajiye inda ruwa ba ya taɓa shi. Makaniki ya tara baƙin mai a jarka maimakon ya tuttula a lambatu. Inda gizo ke saƙar shi ne fili da sufuri. A kasuwar da ake sayar da ko'ina, har bakin hanya da saman kwata, wa zai sadaukar da rumfa biyu don a tara kwali da roba? Kuma in an ware a shago, sai motar kwasa ta zo ta juye komai a baya guda, wahalar ta tashi a banza, gobe ba wanda zai sake warewa. Don haka yarjejeniyar da shugabannin kasuwa za su ƙulla da mai kwasa sai ta fayyace ranar ɗaukar jiƙaƙƙe da ranar busasshe, da inda za a kai kowanne, a kuma liƙa lissafin kuɗin da aka samu daga kwali da roba a ƙofar ofishin ƙungiya duk ƙarshen wata.