Ɗarin Paris a idon Bakurfe

A ƙasar Kurfai, in watan Disamba ya kama, iskar hunturu takan biyo Dallol Boso ta sauko Filinge da ƙura. Dattawa su naɗe fuska da rawani, yara su kewaye wutar kara tun da asuba, mai shayi ya samu kasuwa. Amma kafin hantsi rana ta fito, kowa ya tuɓe bargo ya kama sha'aninsa. Wannan shi ne ɗarin da Bakurfe ya sani, kuma da saninsa ne wani ɗan kasuwar Filinge, mai sayar da kayan gyaran mota, ya hau jirgin sama a Yamai a farkon watan Janairu na shekara ta 1994. Ya nufi Paris shi kaɗai, babu ɗan rakiya, sai takardar adireshin wani otal a aljihu.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne agogo. A lokacin ɗari, awar Faransi da ta Nijar ɗaya ce, saboda haka bai taɓa agogonsa ba. Amma da ƙarfe 8 na safe, lokacin da a gida an riga an buɗe kanti, ya tarar da birnin cikin duhu, fitilu na ci, mutane na sauri kamar an koro su. A wannan wata rana ba ta fitowa a Paris sai wajen 9 saura kwata, ta faɗi da ƙarfe 5. Azahar, la'asar da magariba sai su taru cikin awa huɗu da ɗan kai. Ko cikin ƴan awowin nan ma ba safai ake ganin ƙwayar ranar ba, gajimare ya rufe ta ruf. Ƙanƙarar da ya sha jin labari bai gan ta ba. Sai yayyafi marar yankewa, mai ratsa babbar riga ya kai ga ƙashi. A nan ya gane cewa ɗari daban, sanyi daban: na Kurfai busasshe ne mai fasa leɓe, na can jiƙaƙƙe ne mai kashe yatsu.

Abu na biyu shi ne shiru. A cikin metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mutane, ya yi sallama, babu wanda ya ɗaga kai. A motar Baleyara ranar Lahadi, kafin a ci kilomita goma kowa ya san garin kowa da kuɗin ragon da ya sayar. A nan kuwa kowa idonsa na kan jarida. A gida ɗari tara mutane yake yi bakin wuta. A Paris kowa na da wutarsa a bayan ƙofa, ƙofar kuma da lambar sirri ake buɗe ta.

Wanda ba shi da ƙofa fa? Shi ne abu na uku, kuma shi ya fi tsaya masa a rai. A bakin tashoshi ya ga mutane, har da fararen fata masu furfura, kwance bisa kwali a kan ragar ƙarfen da ɗumin metro ke fitowa. Ya ɗauka a ƙasar da ke ba wasu rance babu mai kwana waje. Alhali matsalar tsohuwa ce. Ran 1 ga Fabrairu 1954, limamin kirista Abbé Pierre ya yi kira ta gidan rediyo bayan sanyi ya kashe wata mata a titin Paris. A 1985 ɗan wasan ban dariya Coluche ya kafa Restos du Cœur don ciyar da matalauta a lokacin ɗari. A ƙarshen 1993, ƴan makonni kafin zuwan ɗan kasuwar, aka kafa Samu social, masu zagaya birni da dare cikin mota suna neman waɗanda sanyi ya kayar. A can, aikin da maƙwabci ke yi a Kurfai ƙungiya ce ke yin sa.

Ba shi ne ɗan Afirka na farko da wannan sanyi ya gwada ba. A yaƙin duniya na farko, sojojin da Faransi ta ɗiba daga Afirka ta Yamma sun sha wuya har ta kai ana janye su daga fagen daga in ɗari ya shigo, a kai su barikokin kudu kamar na Fréjus. A barikin Courneau, kusa da Bordeaux, fiye da 900 suka rasu tsakanin 1916 da 1917, akasarinsu da ciwon huhu, ba da harsashi ba. A Fréjus ɗin nan ne Seyni Kountché, ɗan Fandu ta yankin Filinge, ya shiga makarantar hafsoshi a 1957.

Yana can kuma labarin karyewar darajar sefa ya same shi. Daga ran 12 ga Janairu, faran ɗaya na Faransi da ke sefa 50 ya koma 100. Kofin kafe da yake sha don ɗumama hannu ya ninka kuɗi a lissafinsa dare ɗaya, kayan da ya zo sari kuma ya san ba kowane direban Filinge zai iya sayensu ba. Ya kwana yana lissafi a ɗaki mai ɗumi, babu wanda zai yi wa ko da tsaki.

Ranar Juma'a ya nemi babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin musulmi da suka mutu a yaƙin nan. Bayan an sallame, wani dattijo da ya lura da ɗinkin hularsa ya matso ya miƙa masa hannu.

"Alhaji, ina ɗari?"

"Lokacinsa ne, Baba," in ji shi, muryarsa na rawa. Kwana da kwanaki ke nan babu wanda ya tambaye shi.

Dattijon, mutumin Dogon Dutsi, ya ja shi Château Rouge, unguwar da ake samun goro, kuɓewa da busasshen kifi. Ya raka shi ya sayi manto da safar hannu, sannan ya kai shi ɗakin da ma'aikata shida ke ci a kwano ɗaya.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun dawowarsa, in matashi ya zo neman shawarar tafiya Turai, abu uku yake lissafa masa: takalmi mai kauri, riga mai nauyi, da sunan mutum ɗaya da zai amsa masa sallama. Yakan ce biyun farko ana samunsu a kanti.