Ƙasar Jigawa a Wuraren Kiwo na Arewacin Nijeriya: Siffofinta da Amfaninta

1.0 Gabatarwa

Manomin Hausa ya daɗe da rarraba ƙasar da yake nomawa gida-gida, ya kuma raɗa wa kowace suna gwargwadon halinta. Akwai dabaro mai nauyi da danƙo, akwai fako wanda ya ƙeƙashe ba ya shan ruwa, akwai fadama mai riƙe danshi har cikin rani, sannan akwai jigawa, wato ƙasa mai rairayi wadda ƙafa ke nutsewa a cikinta. Daga wannan kalma ta ƙarshe ce Jihar Jigawa ta samo sunanta a lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin ƙasar jigawa, da siffofinta, da amfanin da makiyaya da manoma suke samu a gare ta, tare da nuna cewa dukkan wannan amfani ya rataya ne a kan ciyawa da itatuwan da suka lulluɓe ta. An ɗauki misalai daga arewacin jihohin Jigawa da Yobe, musamman filayen kiwo na ƙasar Manga da ke yankin Yusufari da Yunusari da Machina, waɗanda suka miƙe har cikin Jamhuriyar Nijar.

2.0 Asalin Jigawa

Mafi yawan jigayin wannan yanki iska ce ta tara su. A wani zamani na tsananin fari, kimanin shekaru dubu 20 zuwa dubu 12 da suka shige, hamadar Sahara ta gangaro kudu fiye da inda take a yau. Iskar arewa maso gabas, wadda har yanzu take kaɗawa da hunturu, ta riƙa kwasar rairayi tana jibge shi tudu-tudu. Da ruwan sama ya komo, sai ciyawa ta tsiro a kan tuddan, saiwoyinta suka ɗaure su a inda suke. Masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi bayanin waɗannan tsofaffin tudda na ƙasar Hausa a wani nazari da ya buga a 1958. Har yau ana iya ganin su jere, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da kwari a tsakanin kowane tudu da ɗan'uwansa. Ke nan, jigawa tudun yashi ne da ciyawa ta kwantar, kuma yana iya tashi duk ranar da aka yaye masa wannan mayafi.

3.0 Siffofin Jigawa

3.1 Ƙwayar ƙasa da zurfi

Rairayi shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ƙasa, laka kuwa 'yar kaɗan ce. Da yake iska ce ta tankaɗe shi, ƙwayoyinsa kusan girmansu ɗaya, babu tsakuwa ko duwatsu a ciki. Idan aka danƙi jiƙaƙƙiyar jigawa aka saki, sai ta warwatse, saɓanin dabaro da ke dunƙulewa. Tana da zurfi ƙwarai, don haka saiwa tana ratsa ta ba tare da wani cikas ba.

3.2 Yadda take da ruwa

Jigawa tana shanye ruwa nan take, ba ta bari ya kwanta ko ya gudu. Gaskiya ne ba ta iya riƙe da yawa, amma ɗan abin da ta riƙe tana sakar wa tsiro shi cikin sauƙi, alhali laka matse nata take yi. Bugu da ƙari, idan samanta ya bushe sai ya zama kamar marufi, ya rage tashin danshin da ke ƙasa. Wannan ne ya sa a wuraren da ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 ba, ciyawa takan riga fitowa a jigawa bayan ruwan farko, tun fako da dabaro suna nan tsirara.

3.3 Ƙarancin abincin tsiro

Babban raunin jigawa shi ne rashin ƙarfi. Ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma tana da ƙarancin sinadaran fosfaras da naitirojin. Ɗan albarkar da take da shi yana can sama-sama, wurin da iska ke fara kwashewa. Takin zamani ma, idan aka zuba shi da yawa lokaci guda, ruwa kan wanke shi ya yi ƙasa. Abubuwan da ke farfaɗo da ita su ne kashin dabbobi, da ganyen itatuwa, da ƙurar hunturu wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa.

4.0 Amfanin Jigawa

4.1 Kiwo

Kiwo shi ne aikin da ya fi dacewa da jigayin da ke can arewa. Da damina suna fitar da ƙarangiya da burburwa da sauran ciyayi masu saurin nuna, waɗanda sukan zubar da iri kafin ruwa ya ɗauke. Shanu da tumaki suna cin ɗanyarsu da damina, su ci busasshiyar da rani. Awaki da raƙuma kuwa sun fi dogara da ganyen aduwa da dakwara da sauran itatuwa masu ƙaya. Haka kuma, ƙasar ba ta yin taɓo, saboda haka makiyaya sukan hau jigawa da damina don guje wa ciwon kofato da ƙudajen fadama.

4.2 Noma

Gero shi ne sarkin amfanin jigawa, sai wake da gyaɗa da riɗi da guna. Saboda taushin ƙasar, manomi yana iya yin binne, wato ya shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Yana kuma iya yin noma a tsaye da ashasha, wadda ke yanke ciyawa ba tare da ta birkice ƙasa da zurfi ba. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan wannan yanki, ya nuna a littafinsa na 1989 yadda manoma suke haɗa noma da kiwo don jure wa fari. A al'adance, makiyayi kan zauna da garkensa a gonar manomi bayan kaka, dabbobi su ci kara, gona ta sami taki.

4.3 Kwari da itatuwa

Ruwan da tudda suka shanye yana taruwa a ƙarƙashin kwarin da ke tsakaninsu. A irin waɗannan wurare na ƙasar Manga ake samun dabino da goruba da lambunan rani, ana kuma haƙar kanwa. Dakwara kuwa, wadda take son rairayi, ita ce ke ba da ƙaro mafi daraja a kasuwa.

5.0 Haɗarin Yaye Mayafin Jigawa

Iska ba ta iya ɗaukar rairayin da ciyawa ko kara suka rufe. Idan aka cinye ciyawar ƙarƙaf, ko aka kwashe karan gona kakaf don abincin dabbobi da makamashi, sai ƙwayoyin rairayi su fara tsalle suna bugun junansu, kowace ta tayar da wata. Lokaci mafi haɗari shi ne ƙarshen bazara, sa'ad da ƙasa take tsirara, iskar hadari kuma take tasowa daga gabas da ƙarfi. A wannan lokaci ne rairayi kan binne ƙaramar shuka ko ya yayyanke ta, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Wuraren da suka fi saurin lalacewa su ne gefen rijiyoyi da mashaya da bakin gari, inda dabbobi ke tattakewa kullum.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe ciyawa da itatuwa masu yawa, suka tayar da wasu tuddan da suka daɗe a kwance. A yankin Yusufari, tuddan yashi masu tafiya sun yi ta barazana ga gidaje da kwarin dabino. Raguwar burtali da wuraren kiwo ita ma ta cunkushe dabbobi a ɗan abin da ya rage, duk da Dokar Wuraren Kiwo ta Jihar Arewa ta 1965.

6.0 Hanyoyin Kiyaye Ta

Dabarun da suka fi tasiri ba su da tsada. Ana barin wani kaso na kara a kwance a gona, ana kafa shingen kaba ko na aguwa a kan tudu mai tafiya sannan a shuka ciyawa a tsakani, ana kuma hutar da wurin kiwo har ciyawa ta zubar da iri. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon gawo da sabara da kalgo yana girma a gonakinsu maimakon sassabe shi, lamarin da ya komo da itatuwa a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. A Nijeriya kuwa, an kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa a 2015 domin irin wannan aiki a jihohi 11 na arewa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jigawa ƙasa ce mai zurfi, mai sauƙin aiki, mai alkinta ɗan ruwan da ta samu, amma marar ƙarfi, mai saurin bin iska. Makiyayi da manomi duka suna cin moriyarta ne muddin akwai abin da ya rufe ta. Saboda haka, duk wani tsari na raba filaye ko haƙa rijiyoyin dabbobi a wannan yanki ya kamata ya fara da lissafin yawan ciyawa da karan da za su saura a kan ƙasa a ƙarshen bazara.