Magungunan Ƙiba da Jinkirin Warkewar Rauni: Bayani ga Jama'ar Ikara, Maƙarfi da Kudan

A lokacin saran rake a Maƙarfi da aikin lambu a fadamun Ikara da Kudan, ba a rasa manomin da adda ko lauje ya yanke shi. Wani raunin yakan warke cikin 'yan kwanaki, wani kuma ya zama gyambo. Muna so mu bayyana wa jama'a ɗaya daga cikin dalilan hakan.

Rauni ba ya warkewa sai sababbin hanyoyin jini sun tsiro a cikinsa. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗar ƙananan ƙwayoyin halitta. Idan an ji rauni, waɗannan ƙwayoyi sukan fitar da wasu sinadarai masu narkar da tsokar da ta tare musu hanya, sannan su rarrafa zuwa wurin raunin, su haɗu su zama sabuwar jijiya mai kai abinci da iska. Kamar dai mai lambu ne da ke fasa kunya domin ruwa ya isa ga shuka.

Akwai magungunan da ke rage wannan aiki. Tun a shekarar 1971 Dakta Judah Folkman na Amurka ya nuna cewa ciwon daji ma yana dogara da sababbin jijiyoyi domin ya girma. A 2004 aka amince da maganin Avastin a Amurka, wanda ke hana su tsirowa.

Sai dai abin da ya fi shafar mu shi ne dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saya a kemis ko kasuwa domin ƙiba ko ciwon jiki. Shan su na tsawon lokaci yana rage tafiyar waɗannan ƙwayoyi da tsirowar jijiyoyi, yana raunana garkuwar jiki, yana kuma ɗaga sukarin jini. Haka ma man shafawa na bilicin mai irin wannan sinadari yana sa fata ta yi sirara.

Saboda haka muna kira ga jama'a da kada su sha su sai da umarnin likita. Wanda ya daɗe yana sha kuwa kada ya daina lokaci guda, domin hakan na da haɗari. Likita ne zai rage masa sannu a hankali. Duk raunin da ya ƙi warkewa a kai shi asibitin gwamnati mafi kusa, a kuma faɗa wa ma'aikata dukkan magungunan da ake sha. Muna roƙon hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su isar da wannan saƙo ga talakawansu.